Kwamfuta a Kan Allo

A shekarar 2015 hukumar JAMB ta yi sallama da jarrabawar takarda da fensir. Tun 2013 ta fara gwada kwamfuta ga wanda ya ga dama, amma daga 2015 zaɓi ya ƙare: duk yaron da ke neman jami'a ko kwaleji, daga Legas ya fito ko daga Gwadabawa, dole ya zauna gaban na'ura. Ba a jima ba aka lura cewa akwai yara da yawa da ke shiga ɗakin jarrabawa ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Hannu na rawa, kibiya na gudu a kan gilashi, lokaci na tafiya. Saboda haka a 2017, a zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, hukumar ta kawo tsarin maɓallai takwas. A, B, C da D na zaɓen amsa ne, N ta kai ka tambaya ta gaba, P ta mayar da kai baya, S ta miƙa aiki, R ta dawo da kai idan ka fasa. Da su kaɗai yaro zai iya amsa tambayoyi 180 cikin sa'o'i biyu ba tare da ya taɓa linzami ba.

Dabara ce ta tausayi, kuma ta ceci mutane. Sai dai duk wanda ya san makaranta ya san abin da take faɗi a fakaice. Yaron nan ya yi shekara shida a sakandare, darasin kwamfuta na rubuce a jadawalinsa, an ba shi maki a kansa kowane zango, amma hukumar jarrabawa ta ƙasa ba ta yarda cewa zai iya tura kibiya daga wannan kusurwa zuwa waccan ba.

A wajen takardun manufa ba mu taɓa yin talauci ba. Tun 1988, lokacin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi, Nijeriya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu. Da aka sake tsarin karatun shekara tara na ilimin bai-ɗaya bayan dokar UBE ta 2004, kwamfuta na ciki. A 2011 aka shigar da darussan sana'a sama da talatin a babbar sakandare, har da sarrafa bayanai da gyaran wayar hannu, WAEC kuma ta fara jarrabawa a kansu a 2014. A 2025 an sake wani sabon tsarin da ya sa fasahar zamani cikin darussan dole na babbar sakandare. Ita ma WAEC ta fara yi wa masu zana jarrabawa daga waje tasu a kwamfuta tun 2024, ministan ilimi Dakta Tunji Alausa kuma ya ce gwamnati na son WAEC da NECO su koma kwamfuta baki ɗaya. Ko da yaushe aka yi wannan, yaran da suka fi nisa da na'ura su ne za su fara ji a jikinsu.

To me ake yi a cikin ajin? Malam ya shigo da alli. Ya rubuta ma'anar kwamfuta da Turanci, yara su maimaita da ƙarfi har sai ta zauna. Daga nan tarihi: abakus, na'urar Pascal, Charles Babbage, ƙarni na ɗaya zuwa na biyar. Sai sassan da ake shigar da bayani da waɗanda ake fitarwa, a zana su a littafi, a sa suna da kibiya. Akwai yaran da za su zana maka filofi da kyau, abin da ko a kasuwar 'yan gwangwan sai an sha wahala kafin a samu. A ƙarshen zango a yi tambaya a takarda, yarinya ta ci tamanin bisa ɗari, ba ta san inda ake kunnawa ba.

A watan Fabrairun 2018 hotunan wani malami ɗan Gana, Richard Appiah Akoto, suka zaga duniya. A wata ƙaramar sakandare ta ƙauye a yankin Ashanti, ya zana fuskar Microsoft Word a kan allo da alli mai launi, bai bar maɓalli ɗaya ba, saboda yaransa za su zana jarrabawar kwamfuta kuma makarantar ba ta da ko guda. An yaba masa, ya kuma cancanta. Microsoft ta kai shi taron malamai a Singafo, masu alheri suka aika wa makarantar kwamfutoci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da tsarin karatu ya tilasta masa zanawa. Mutum mai wannan himma da haƙuri, an sa shi ya ƙarar da su wajen nuna wa yara inda wani kamfani ya ajiye maɓallan manhajarsa, wurin da kamfanin zai iya sauyawa baɗi. A cikin duk abin da ake kira ilimin kwamfuta, wannan ne yankin da allo ba ya iya koyarwa ko kaɗan, kuma shi muka ɗora wa allo.

Kada a ɗauka rashin na'ura ne kaɗai ke kawo wannan. Ingila na da kwamfuta a kowace makaranta, amma a Janairun 2012 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta fitar da rahoto cewa darasin da ake yi ya gundure yara, ƙwararrun malamai sun yi ƙaranci, an mayar da abin koyon rubuta wasiƙa da shirya jawabi a manhajojin ofis. Gwamnati ta soke darasin, daga Satumbar 2014 ta kawo sabo wanda ke koya wa yaro tun yana shekara biyar yadda ake tsara matakan warware matsala da rubuta umarnin da na'ura za ta bi. Su ma ba su gama fita daga matsalar malamai ba. Amma sun raba abubuwan da mu har yanzu muke cakuɗawa: iya aiki da na'ura daban, sanin tunanin da ke tafiyar da ita daban.

Wannan na biyun shi ne kimiyyar kwamfuta, kuma abin mamaki shi ne ya fi sauƙin farawa a makarantar da ba ta da wuta. Tushensa abu ɗaya ne: a ɗauki aiki, a yanka shi matakai bayyanannu, ta yadda wanda bai san komai ba zai bi su ya kai ga amsa daidai. Masana na kiran irin wannan jerin matakai algoridim. Yaron Hausa ba baƙo ba ne a nan, sai dai ba a taɓa gaya masa ba.

Ɗauki zakkar awaki da tumaki, wadda duk ɗan Islamiyya ya karanta a fiƙihu. Ƙasa da arba'in babu zakka. Daga 40 zuwa 120, akuya ɗaya. Daga 121 zuwa 200, biyu. Daga 201 zuwa 399, uku. Daga 400, ɗaya a kowane ɗari. Malam ya raba aji gida biyu. Rukuni ɗaya su rubuta umarni a takarda, layi bayan layi, "idan adadin bai kai kaza ba, ka ce kaza, in ba haka ba, ka wuce layi na gaba." Sai a fito da yaro ɗaya daga ɗaya rukunin ya zama kwamfuta, da sharaɗin ba zai yi amfani da hankalinsa ba, abin da aka rubuta kawai zai bi. A ba shi 75, ya ce ɗaya, a tafa. A ba shi 120. Nan ake yin ta. Idan masu rubutu sun ce "ƙasa da 120" maimakon "120 ko ƙasa da haka", kwamfutar za ta karɓe wa makiyayi akuya biyu alhali ɗaya ke kansa, aji ya kaure da gardama. A ba shi 950, a ga ko sun tuna cewa ragowar hamsin ɗin ba a ƙirga ta, amsa tara ce. A ba shi "saniya" a maimakon lamba, a ga abin da zai yi. Cikin minti arba'in yaran sun taɓa sharaɗi, sun taɓa gwaji a bakin iyaka, sun taɓa farautar kuskure, abubuwan da masu rubuta manhaja ke cin abinci da su a ko'ina a duniya. Kuskuren ɗaya-sama-ɗaya-ƙasa da ya ci akuyar makiyayin nan yana cikin kurakuran da ƙwararru ke yi har gobe.

Ko a ɗauko hatimi. A ajiye batun abin da wasu ke yi da shi a gefe, lissafinsa muke so. Wani malamin Katsina, Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin cika irin waɗannan gidaje masu adadin mara, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masu tarihin lissafi na ambatonsa har yau. Ga wata sananniyar hanya da malami zai iya ba yara. A zana gida tara, uku-uku. A sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba ta gaba, a hau gida ɗaya a matsa dama gida ɗaya. Wanda ya fita ta sama ya shigo ta ƙasa, wanda ya fita ta dama ya shigo ta hagu. Idan an tarar da gidan a cike, a sauka ƙarƙashin lambar da aka rubuta yanzu. Za a samu 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa, ta ko'ina aka tara 15 ne. Sai malam ya ce a gwada gida ashirin da biyar da ƙa'idar nan ba tare da sauya komai ba. Za ta yi, kowane layi ya ba da 65. Sai ya ce a gwada gida goma sha shida. Ba za ta yi ba, tun daga matakin farko ma, don layi mai gida huɗu ba shi da tsakiya. Yaron da ya gano wannan da kansa ya fahimci cewa kowace hanya tana da iyakar inda take aiki, kuma wannan ya fi haddar ƙarnukan kwamfuta biyar amfani nesa ba kusa ba.

Irin wannan koyarwa ba tare da na'ura ba tana da masu ita. Farfesa Tim Bell na Jami'ar Canterbury a New Zealand da abokansa sun tara darussa da yawa tun shekarun 1990, suna nan kyauta. Mafi shahara shi ne na kati biyar masu ɗigo 16, 8, 4, 2 da 1. Yara biyar su tsaya gaban aji, kowa ko dai ya nuna katinsa ko ya kife. A ce su nuna 13: mai 8 da mai 4 da mai 1 su buɗe, sauran su kife, an samu 01101, wato 1 ga buɗaɗɗe, 0 ga kifaffe. Da kati biyar ana ƙirga har 31, a ƙara na shida a kai 63. Daga nan malami mai wayo zai tsallaka zuwa abin da ke damun kowane mai rubuta Hausa a waya. Kowane harafi lamba ce a wurin kwamfuta: babban A shi ne 65. Tsohon tsarin da Amurkawa suka yi a shekarun 1960 gurbi 128 kawai yake da shi, ba a yi shi da mu a rai ba, shi ya sa babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Da tsarin Unicode ya zo a farkon shekarun 1990, haruffanmu masu lanƙwasa sun sami lambobinsu a cikinsa. Ƙaramin ƙ shi ne 409. Ƙaramin akwatin da ke fitowa a madadin ƙ a wasu wayoyi, yanzu yaro ya san dalilinsa: lambar ta iso, amma salon rubutun da ke wayar ba shi da zanen da zai nuna ta.

Duk da haka kada mu yaudari kanmu. Mai koyon ɗinki ba ya ƙwarewa da zanen keke, dole wata rana ya taka feda. Allo da kati na iya ɗaukar rabin aikin, sauran rabin sai yatsu sun hau madannai: buga rubutu, ajiye fayil a kuma nemo shi, jera lissafi a Excel, cike fom a intanet, ɗaukar umarnin zakkar nan a mayar da shi harshen kwamfuta na Scratch ko Python a ga na'ura ta gaskiya ta bi shi.

A nan ne gwamnatoci ke son tsayawa, don sayen na'ura kwangila ce, ana yanka ƙyalle, ana ɗaukar hoto. An gwada wannan hanya a duniya an ga iyakarta. Shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro da Nicholas Negroponte ya ƙaddamar a 2005 ya yi ɗaya daga gwaje-gwajensa na farko a wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, a 2007. Ƙasar Peru ta raba irin waɗannan kwamfutoci sama da 800,000, kuma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012, a makarantu 319, bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatun yaran ba. A gida kuwa, asusun USPF na hukumar NCC, da NITDA da aka kafa a 2001, da jihohi, da 'yan majalisa, da tsofaffin ɗalibai, duk sun kai kwamfutoci makarantu. Wanda ya zaga ya san yadda labarin yakan ƙare a wurare da dama: ɗaki mai ƙyauren ƙarfe, labule, ƙura, makulli a aljihun shugaban makaranta. Ba mugunta ce ke sa shi kullewa ba. Ya san idan linzami ɗaya ya ɓata shi za a tuhuma, idan kuwa yara sun fita ba su iya komai ba babu mai tambayarsa. Mutum yana kiyaye abin da ake bincikarsa a kai.

A yi lissafi a gani. A ce aji na da yara 80, ɗaki na da kwamfuta 20, darasi minti 40 ne sau ɗaya a mako. Yara huɗu kan na'ura ɗaya, kowa minti goma, idan ba a cire lokacin jerin gwano da tayar da janareta ba. A zango mai mako 12 yaro ya sami sa'a biyu. A aikace ma wanda ya fi ƙarfin hali ko wanda ke da kwamfuta a gida shi ke riƙe madannai, ukun su zama 'yan kallo. Yanzu a ce ɗakin nan dai, a makaranta mai yara 1,200, a buɗe yake daga ƙarfe 8 zuwa 4, kwana biyar, ana zama bibbiyu ana karɓa-karɓa. Sa'a 40 sau na'ura 20 sau yara biyu ya ba da 1,600, kowane yaro ya sami fiye da sa'a guda a mako. Ba a ƙara na'ura ko ɗaya ba. Abin da aka ƙara shi ne mai tsaron ɗaki da wutar da ba ta yankewa.

Wutar ma ta yi sauƙi fiye da da. Tsohuwar kwamfutar tebur da gilashinta na iya shan wat 150 ko fiye, ashirin ɗinsu sai babban janareta da man da makaranta ba ta da kuɗinsa. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da aka fitar a Ingila a 2012 kan dala 35, don koyar da yara aka yi ta, ita da gilashinta ba za su wuce wat 40 ba, ashirin ɗinsu sola matsakaiciya na ɗauka. Rashin intanet kuma ba uzuri ba ne: Scratch da Python na aiki ba tare da shi ba, manhajar Kiwix na ajiye Wikipedia dungurugum a cikin na'ura, har da ta Hausa.

Saura malami, kuma shi ne gaskiyar maganar. Wanda ya iya rubuta manhaja da kyau yana da inda za a biya shi ninkin albashin koyarwa, don haka a makarantu da yawa darasin kan faɗa hannun malamin lissafi da ke da sauran fili a jadawali, ko ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara. Horon kwana uku a otal da jaka da alawus ba ya gyara wannan. Jihar Kano ta taɓa nuna yadda ake yi idan an sa kai. A 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya ta ƙara ta 'yan mata a Taura, ta ba su hukuma tasu, ta nemo malamai, ta tabbatar ana shiga ɗakin gwaji. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun cika asibitoci da ma'aikatun Kano da Jigawa. Babu abin da ya hana a yi wa malaman kwamfuta irin wannan tsayuwar daka: a zaɓi malamai biyu a kowace makaranta cikin waɗanda ke nan daram, a horar da su shekara guda suna koyarwa suna komawa, a ba kowa kwamfutar da zai tafi da ita gida, a ƙara musu wani abu a albashi.

Hazaƙar yaran kuwa ba abin tambaya ba ce. Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai ga samari, wasu ko sakandare ba su gama ba, suna kwance waya, suna sauya gilashi, suna sake mata manhaja, sun koya a gefen ubangida cikin watanni saboda kullum hannunsu na kan aiki. 'Yan mata ne ba su da wannan ƙofa. Namiji zai iya zuwa kafe da yamma ko ya raɓi shagon yayansa, yarinya kuwa in an tashi makaranta gida za ta, kuma wayar gidan ba kasafai take zama a hannunta ba. Ɗakin kwamfutar makaranta shi ne kaɗai damarta. Shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, wanda ya fara da jihohi bakwai ciki har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, ya sa koyar da 'yan mata fasahar zamani cikin ayyukansa. Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi da shi shi ne sa'o'in da yarinya ta yi tana bugawa da hannunta.

Akwai kuma darasin da bai kamata a jira kowa ba kafin a fara shi, don yaran sun riga sun shiga WhatsApp da TikTok ko makaranta ta so ko ta ƙi. Kada ka ba kowa lambar sirrin da banki ya turo maka. Saƙon shigar kuɗi ana iya ƙirƙirarsa, a duba asusu kafin a miƙa kaya. Murya da hoto ma yanzu ana haɗa na bogi. Wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, MMM ce ta 2016 ta sake riga. Yaro ɗaya da ya san wannan yakan tsare asusun gidansu gaba ɗaya, don shi ake miƙa wa waya a ce ya duba.

Saboda haka iyaye, idan aka kira taron iyaye da malamai a zango mai zuwa, kada ku tsaya a tambayar ko makaranta na da kwamfuta. Ku tambayi shugaban makaranta sa'a nawa ɗakin yake buɗe a mako, wa ke koyarwa, kuma shekara nawa zai yi a nan. In an ce babu kuɗin gyara ko na batir, ku yanka wa kanku abin da za ku iya, ku kuma rubuta a takarda cewa linzamin da ya lalace a hannun ɗalibi ba laifin shugaban makaranta ba ne.